LAFIYA UWAR JIKI: Awon ido da sayen madubin karatu

Kowace shekara, in an gama kaka an zuba hatsi cikin rumbu, makarantun yaƙi da jahilci suna buɗewa a garuruwan Madawa da Buza da Keita. Ranar farko rumfa cike take. Ga samari, ga magidanta, ga masu furfura. Kafin a yi wata biyu sai layi ya fara raguwa, kuma cikin masu janyewa akwai manya da yawa, ƴan shekara 40 zuwa sama. In malami ya gamu da ɗayansu a hanya ya ce: "Baba, lafiya ba ka zuwa?" sai ya amsa: "Malam, bar ni dai. Kaina ya tsufa, ba ya ɗaukar karatu."

Sau da yawa kan nan lafiyarsa lau. Mutumin da ya san shanunsa ɗaya bayan ɗaya, ya san uwar kowace saniya da kakarta, ba zai kasa riƙe baƙaƙe 30 ba. Idonsa ne ya canza. Abin da malam ya rubuta a babban allo yana ganinsa sarai. In ya dawo kan littafin da ke hannunsa sai baƙaƙen su cuɗe kamar tururuwa. Ya miƙa littafin nesa, ya matsa bakin ƙofa wurin haske, ya ƙanƙance ido. Kafin a tashi kai ya ɗau ciwo. Yana jin kunya ya faɗa gaban yara, sai ya zauna gida.

Wanga abu yana da magani, kuma maganin ba shi da tsada. Shi ne madubin ido, wanda wasu ke kira luneti, wasu tabarau. Amma akwai madubin da ake iya saye a kasuwa, akwai wanda sai an auna ido, akwai kuma cutar da madubi ke ɓoyewa har ta gama ɓarna. Shi ya sa filin lafiya na wanga wata ya haɗa maganar madubi da maganar awon ido.

Abin da ke faruwa cikin ido

Bayan baƙin ido, can ciki, akwai wata ƴar ƙwaya garai-garai, girmanta kamar ƙwayar wake. Ita ke tattara haske. In mutum ya dubi nesa sai ta baje, in ya dubi kusa sai ta dunƙule. Ga yaro tana da taushi kamar ɗanyen ƙaro da aka ɓamɓaro yanzu daga itace. Don haka yaro ke kawo abu dab da hanci ya gan shi. Shekaru suna tafiya tana ƙara tauri, kamar yadda ƙaro ke tauri in ya sha iska. Wajen shekara 40 zuwa 45 ba ta iya dunƙulewa sosai, sai ganin kusa ya ragu.

Kowa zai gamu da wannan in ya yi tsawon rai, sarki da talaka, manomi da lokotoro. Kamar furfura ne. Babu sammu a ciki, babu kambun baka. Babu kuma ganye ko kwalli da ke mayar ma ƙwayar nan taushinta. Madubi ne ke yi mata aikin da ta kasa.

Kuma ba mai karatu kaɗai abin ya shafa ba. Mace mai zura zare a kafar allura, mai tsintar tsakuwa cikin wake, mai saƙar tabarma a Madawa, mai ɗinkin hula, duk sun sani. Makiyayi yana son ganin kaska a kunnen akuya, yana son ganin layin da ke jikin sirinji in zai yi ma sa allura. Mai albasa a kwarin Tarka yana son ganin ƴan ƙwarin da ke maƙewa tsakanin ganye, da awon da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a jikin kwalbar maganin feshi. Wanda bai ga awon nan ba zai zuba da ka, ko ya ƙona shuka ko ya yi asarar kuɗi. Ga lambobin salula, ga Alƙur'ani mai ƙananan baƙaƙe.

A shekarar 2018 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a jihar Assam ta ƙasar Indiya, wurin masu tsinkar ganyen shayi. Mutum 751 ne, duk ƴan shekara 40 zuwa sama. An ba rabinsu madubin ganin kusa, rabi aka ce su jira. Waɗanda suka sa madubi, aikinsu ya ƙaru da wajen kashi 22 cikin 100. Wato mai cika kwando 10 ya koma cika 12. Ga waɗanda suka haura shekara 50, ƙarin ya kusa kashi ɗaya cikin uku. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, cikin rahotonta na 2019, ta ce mutum fiye da miliyan 800 a duniya suna fama da rashin ganin kusa don kawai ba su da madubin da ya dace.

Madubin kasuwa

Ana samun madubin karatu a faifan ƴan koli ranar kasuwa, da shagunan birni, da wasu farmasi. Ba laifi ba ne a saye shi. Laifin yana wurin yadda ake zaɓa.

Kowane madubin karatu yana da lamba, an manna ta a jikin gilashin ko an rubuta a cikin ƙafarsa. Gabanta akwai alamar ƙari: +1.00, +1.50, +2.00, +2.50, +3.00. Lambar ita ce ƙarfinsa. Ɗan shekara 40 zuwa 45 yakan fara da +1.00. Wajen shekara 50 ana kaiwa +1.50 ko +2.00. Wajen 55 zuwa 60 kuwa +2.50. Ba safai ake wuce +3.00 ba. Wannan ƙiyasi ne, idon kowa da nasa hali, sai an gwada.

Mai saye ya zo da abin aikinsa, littafinsa ko allurarsa da zare. Ya riƙe shi nisan kamu ɗaya daga ido, wato daga gwiwar hannu zuwa bakin yatsa. Ya fara da ƙaramar lamba, ya riƙa hawa. Lambar farko da ta sa baƙaƙe suka fito sarai, ita ce tasa. Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Ɗan koli ya ce: "Alhaji, ɗauki wanga, ya fi ƙarfi, kuɗinsu ɗaya." Alhaji ya ga baƙaƙe sun yi manya-manya ya ji daɗi. Da ya je gida sai ya ga dole ya kawo littafi dab da hanci, kai kuma na sarawa. Madubi ba gishiri ba ne da za a nemi gyara. Wanda ya wuce ƙarfin ido yana gajiyar da mai shi.

Bayan an sami lamba, a rufe ido ɗaya da tafin hannu a duba, sa'an nan a rufe ɗayan. In duka biyu suna gani daidai, madalla. In ɗaya na gani ɗaya na hazo, kada a tsaya nan, wanga mutum awo yake buƙata, domin madubin kasuwa ƙarfinsa ɗaya ne dama da hagu. A ɗaga madubin kuma a dubi bakin bango ko sandar rumfa ta cikinsa ana motsa shi. In abin da ke miƙe ya riƙa lanƙwashewa kamar maciji, gilashin ba shi da kyau. Kada ya matse kunne, kada ya riƙa zamewa daga hanci.

Madubin karatu na kusa ne kaɗai. In an dubi nesa da shi sai duniya ta yi hazo. A cire shi in za a yi tafiya, balle in za a hau babur. Wanda lambarsa ke da alamar ragi a gaba, wannan na masu rashin ganin nesa ne, ba a sayensa da ka.

Ana yawan cewa madubi yana cin ido, wai wanda ya fara sawa ba ya rabuwa da shi, har ma ya riƙa neman mai ƙarfi. Gaskiya ne lamba tana hawa, kamar bayan shekara biyu ko uku, har zuwa wajen shekara 60 inda take tsayawa. Amma ƙwayar ido ce ke ci gaba da tauri, ko an sa madubi ko ba a sa ba. Wanda ya ƙi sawa ma nasa idon yana tafiya, shi dai ya haƙura da wahala ne. Mata su ne suka fi cutuwa da wagga magana. Aikin kusa ya fi yawa a hannunsu, ga shi ana yi ma mai madubi ba'a, wai ta zama ƴar boko. Maigidan da ya sayo ma kansa ya kamata ya tafi da uwargida ta gwada nata, don lambarsa ba lalle ta zama tata ba. Haka madubin gado, da wanda aka kawo tsaraba daga Makka, sai an gwada su kamar na kasuwa.

Cutar da ba ta sallama

Ɗan koli yana sayar da madubi, ba ya duba cikin ido. Akwai kuwa cutar da sai an duba ciki ake ganinta. Mutane suna ce mata hawan jinin ido, lokotoro yana ce mata gilokom. Duk da sunan, ba ita ce hawan jinin da ake aunawa a hannu ba. Mutum na iya samun ɗaya ba shi da ɗaya.

Cikin ido akwai ruwa, dabam da hawaye. Kullum ido yana yin sabo, tsohon yana fita ta wata ƴar magudana. In magudanar ta fara toshewa, ruwan ya taru, ido ya ɗau nauyi kamar salkar da aka cika fiye da kima. Nauyin nan yana danne jijiyar da ke kai gani daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Jijiyar kamar igiya ce mai zare wajen miliyan ɗaya. Zaren yana tsinkewa ɗaya-ɗaya, shekara da shekaru. Wanda ya tsinke ya tsinke ke nan, babu lokotoron da ke ƙulla shi, ko a Yamai ko a Faransa.

Abin tsoro shi ne irin wadda ta fi yawa ba ta zafi, ba ta ja, ba ta kwantsa. Daga gefe take fara ci, ta bar tsakiya sai ƙarshe. Mutum yana ganin abin da ke gabansa sarai, har yana karatu, amma akuya ta fito ta gefe bai gan ta ba, ya yi karo da bakin ƙofa, babur ya zo ta hagu sai dai ya ji ƙara. Ido ɗaya kuma yana rufa ma ɗaya asiri. Sau da yawa ranar da mai ita ya gane, ido ɗaya ya riga ya tafi. Cutar ta fi yawa ga baƙar fata, tana kama su da wuri, kuma tana bin jini. Wanda uwa ko uba ko ɗan'uwansa ya makance a hankali, idonsa garau babu farin komi a ciki, to ya sa ma ransa cewa shi ma yana iya samu.

Ga inda madubin kasuwa ke cutar da mutum. Gani ya ragu, ya je ya canza lamba. Bayan wata shida ya sake canzawa. Kowane sabon madubi yana ɗan taimaka masa wajen karatu, sai hankalinsa ya kwanta, jijiya kuwa tana ta tsinkewa. Duk wanda ya canza madubi sau biyu cikin shekara ɗaya bai gamsu ba, ya bar kasuwa ya nemi awo.

In an gano cutar da wuri ana tsayar da ita. Akwai maganin ɗigawa da ake sawa kullum har iyakar rai, akwai kuma aiki da ake yi don buɗe ma ruwan hanya. Ba su mayar da abin da ya tafi, suna tsare abin da ya rage. Mai ɗiga magani kada ya bari don ya ga babu canji. Rashin canjin shi ne aikin maganin. A kiyayi kuma maganin jan ido da ake saye a tebur ba da takardar likita ba. Wasu daga ciki suna kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma in an daɗe ana ɗigawa su da kansu suna kawo hawan jinin ido.

Yana kuwa labarinta ya fi daɗi, ko da yake ita ce ta fi makantar da tsofaffi. Ƙwayar nan ta cikin ido ce ke dusashewa, gani ya zama kamar ranar da hazo ya sauka, daga baya tsakiyar baƙin ido ya yi fari. Madubi ba ya maganinta. Wani lokaci ma tsoho mai sa madubi sai ya ga ya koma karatu ba madubi, ya yi murna wai ido ya dawo. Sau da yawa farkon yana ne. Aikinta a asibiti bai cika wuce minti 30 ba. Ana kashe zafin wurin, a cire ƙwayar da ta dusashe, a sa wata ta roba a madadinta, washegari a buɗe ido. Ba sai an jira mutum ya makance ɗungum ba. Masu yawo ƙauye-ƙauye suna soka tsinke su ture yanar ta faɗa cikin ido, a guje su. Ranar farko mutum yana ganin haske ya biya kuɗi da murna. Bayan sun wuce sai ciwo da kumburi su biyo, ido da yawa sun mutu ta haka, kuma wanda aka ture ya fi wuyar gyara a asibiti.

Sau nawa ake awo?

Wanda ya kai shekara 40, ko idonsa bai taɓa damunsa ba, ya je a yi masa cikakken awo sau ɗaya. Lokacin da ya fara miƙa littafi nesa, lokacin ne ya dace, kafin ya sayi madubin farko ko jim kaɗan bayan saye. Daga nan sai kowace shekara biyu. In ya kai 60, kowace shekara.

Akwai waɗanda ba su jiran shekara biyu. Mai ciwon sukari kowace shekara ne, tun daga ranar da aka gaya masa yana da shi, domin sukari yana lalata ƙananan hanyoyin jini na bayan ido ba tare da zafi ba. Mai gilokom a dangi shi ma kowace shekara, kuma ya fara tun wajen shekara 35. Wanda aka riga aka sa ma magani, ranar da lokotoro ya rubuta masa ita ce ranarsa. Matashi mai lafiyar ido ba ya buƙatar yawan zuwa, sai in ya ga canji.

Manomi ba ya ajiye takardar kwanan wata, don haka ya ɗaura awon a jikin wani lokaci da ba ya mantawa. Mai gero da wake, bayan kaka, sa'ad da akwai ɗan kuɗi kuma hanya ta bushe. Mai albasa, bayan an ɗora buhuna a mota. Makiyayi, in dabbobi sun dawo kusa da gari. Ranar Alhamis ta biyu ta watan Oktoba ita ce ranar gani ta duniya, tana faɗowa daidai lokacin girbi, rediyo takan yi maganarta. Wanda ya ji ya tuna da nasa.

Tsakanin awo da awo akwai gwajin da ba ya cin ko dala. Sau ɗaya a wata mutum ya tsaya ƙofar gida, ya rufe ido ɗaya ya dubi wani itace ko rumbu da ya saba gani, sa'an nan ya rufe ɗayan. In ɗaya ya kasa ɗaya, ya tafi likita. Wanda ba ya ganin nesa sosai, ya huda kwali da allura ya leƙa ta hudar. In gani ya gyaru, alama ce madubi zai taimake shi. In bai gyaru ba, wata cuta ce, kada ya ɓata kuɗinsa wurin ɗan koli. Amma wanga gwaji ba ya kama gilokom tun tana farko. Ita sai na'ura.

Ina za a je?

A fara da likitar da ta fi kusa, ko a Tamaske ne ko Ibohaman, Bangi ko Urno, Karofan ko Tabotaki. Majo, wato shugaban likitar, zai duba abin da ya iya, ya auna sukari da hawan jini in da hali, ya rubuta takardar turawa zuwa asibitin gunduma a Madawa, Buza ko Keita. Abin da ya fi ƙarfin nan ana tura shi babban asibitin jiha da ke Tawa, inda akwai sashen ido. Daga Keita zuwa Tawa kilomita 70 ne da ƴan kai. Mutanen Madawa kuwa da yawa sun fi bin kwalta zuwa Maraɗi, wajen kilomita 160, inda akwai asibitin ido na Makka. A Kano ma akwai tsohon asibitin ido na mishan da aka buɗe tun 1943, wanda kakanni suka sani. Kafin a biya kuɗin mota a tambayi majo ranar da mai duba ido ke aiki, don kada a je a kwana biyu a tasha. Lokaci-lokaci kuma ayarin masu aikin ido yana zuwa manyan garuruwa a yi aikin yana kyauta. Ana shela a rediyo da wurin masu gari. Tun watan Satumba na 2024 gwamnati ta rage kuɗin duba marasa lafiya da rabi a asibitocinta.

Awon ba ya zafi, ba ya kuma buƙatar iya karatu. Ana tsayar da mutum mita 5 ko 6 daga wani allo mai alama mai ƙafafu uku, shi dai ya nuna da hannu inda ƙafafun suka duba. Daga nan a auna nauyin ruwan ido, a haska fitila a dubi jijiya. Wanda aka gwada ma allo kaɗai ya buɗe baki ya ce: "Lokotoro, don Allah a auna mini hawan jinin ido, akwai makanta a gidanmu." Wani lokaci ana ɗiga maganin da ke buɗe baƙin ido, gani ya yi hazo na ƴan sa'o'i. Saboda haka a je da ɗan rakiya, kada mutum ya tuƙa babur da kansa. A tafi da tsohon madubi da kwalaben duk maganin da ake ɗigawa.

In ido biyu ba su daidaita ba, ko ganin nesa ne ya ragu, za a rubuta takarda mai lambar kowane ido. Ita ake kaiwa wurin masu yanka madubi. Asibitocin ido da yawa suna da wurin a cikinsu, akwai kuma shaguna a manyan birane kamar Maraɗi da Yamai. Ana biyan gilashi dabam, ƙarfen da ke riƙe shi dabam. Ƙarfe mai tsada ba ya ƙara gani, a ɗauki mai ƙwari wanda ya zauna daidai. A adana takardar, in madubi ya karye da ita za a yanko wani.

Yara

Ba a saya ma yaro madubi a kasuwa, ko kaɗan. Nasa sai an auna. A duba idon yaro kafin a sa shi lakwal. Yaron da ke ƙanƙance ido in yana duban allo, ko kullum yana kwafa daga littafin maƙwabci, a gwada idonsa kafin a ce daƙiƙi ne. Wanda idonsa ɗaya ya karkace, kada a ce zai miƙe in ya girma. In an wuce shekara 7 ko 8 ba a gyara ba, idon yakan saba da rashin aiki. Farin abu a tsakiyar baƙin idon jariri, ko ruwan ƙwantsa mai kauri a idon sabuwar haihuwa, wannan na ranar ne, ba a kwana da shi. Tun 2006 duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likitocin gwamnati.

Yaron da ke lalube in magariba ta yi, dundumi ke gare shi, ƙarancin bitamin A ne. Dussa da zawo suna ƙara shi, har ido ya lalace. Ana ba yara ƴan wata 6 zuwa shekara 5 ƙwayar bitamin A kowane wata shida. Hanta, ƙwai, madara, zogale, karas, kabewa da mangwaro duk suna da shi.

Amodari ya ragu ƙwarai a Nijar tun da hukumar lafiyar ido ta ƙasa ta fara rabon magani gari-gari a 2002, amma tsofaffin da ya kama tun suna yara suna nan, mata sun fi yawa. Fatar ido ta lanƙwashe ciki, gashi yana gogar ƙwaya, tsohuwa tana yawo da matsefata tana tsigewa. Gashin yana sake fitowa. Ɗan ƙaramin aiki ne ke miƙe fatar, kuma akwai ma'aikatan likita da aka koya ma shi. Wanke ma yara fuska da ruwa da sabulu kowace safiya, da yin salanga don rage ƙuda, su ke hana shi dawowa. Wata makantar ma, wadda cizon ɗan baƙin ƙuda na bakin kogi ke kawowa a yammacin ƙasa, an gama da ita. A watan Janairu na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da ita.

Abin da ba ya jiran kaka

Lokacin girbi ganyen gero ko kara ko ƙaya yakan tsokane ido. Ƙaramin rauni ne a gani, amma cikin kwana biyu ko uku yana iya zama gyambo, ya bar hakiya. A tafi likita ranar. Kada a ɗiga nono, ko fitsari, ko ruwan albasa, ko ruwan wani ganye. Nonon tumfafiya kuwa shi kansa yana ƙona ido. In maganin feshi ya fantsama, a yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 15 ba tsayawa, sa'an nan a kama hanya da kwalbar maganin a hannu. Gani ya ɗauke farat ɗaya, ko ido ya yi ja da zafi mai tsanani har da amai, su ma na ranar ne.

Wanda ya sami madubinsa ya ɗaura masa zare ya rataya a wuya, ko ya ɗinka masa ƴar jaka. A ƙasar Adar ƙura ce ke kashe madubi. In an goge shi a bushe da bakin riga, yashi yana kankare gilashin, kafin shekara ya dusashe. A fara zuba masa ruwa, a sa ɗan sabulu, a goge da tsumma mai laushi. Ba a kifa shi bisa gilashinsa, ba a barinsa cikin rana.

Malaman yaƙi da jahilci suna da aiki a nan. Ranar buɗe makaranta, kafin a fara baƙi ko ɗaya, malam ya miƙa ma kowane babba allura da zare, ko ya nuna masa ƙananan zane a takarda nisan kamu ɗaya. Waɗanda suka kasa ya rubuta sunayensu, ya zaunar da su wurin haske, ya kai takardar wurin majo. In sun kai mutum biyar ko shida, su sa rana ɗaya bayan kasuwa, su shiga mota ɗaya.